Ƙarin Jini Ba A Yin Shi Da Ka

Jama'a, babu abin da ke tada hankalin gida kamar a ga mutum yana aman jini. Nan da nan sai kuka ya tashi. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce an ba shi wani abu cikin abinci. In Allah ya sa an kai shi asibiti, maganar dangi guda ce: "Likita, a ƙara mishi jini! Ko leda nawa ce, mu za mu nemo." In likita ya ce a dakata, sai a fara gunaguni. Wannan ya ce ai don mu talakawa ne. Wancan ya ce kuɗi ake so.

Ni a ganina, mun sa gaggawarmu inda ba wurinta ba. Wurin gaggawa shi ne hanyar asibiti, amma can ne muke ɓata kwana biyu ko uku wajen jiƙe-jiƙe da turare. Shi kuwa ƙarin jini ba a yin shi da ka. Awo gare shi, kuma yawansa na iya yin cuta.

Daga ina jinin ke fitowa?

Abinci in ya wuce maƙogwaro, yana bin wata hanya ya faɗa tumbi, daga nan ya shiga bakin hanji. A waɗannan wurare uku ne jinin ke tsiyaya. Wani sa'i yana fitowa ja jawur cikin amai. Wani sa'i aman baƙi-baƙi ne, kamar garin kafe da ya kwanta a gindin kofi. Wani kuma ba ya amai ko kaɗan, sai dai kashinsa ya zama baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, ga wari mai tsanani. Wannan ma jini ne, hanji ne ya sauya mishi kama.

Manyan dalilai biyu ne. Na farko gyambon ciki. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya suka gano wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin tumbi, wadda daga baya aka tabbatar ita ke haddasa mafi yawansa, kuma tana da magani. Sai kuma ƙwayoyin ciwon jiki, irin su asfirin da ibuforofen da dikilofenak. Ga su nan a tire a kowace kasuwa da kowace tasha. Manomi ya dawo gona jiki na ciwo, ya haɗiye biyu ko uku ba abinci a cikinsa, yau da gobe. Su kuwa suna cin fatar tumbi a hankali, har ranar da gyambon zai taɓa jijiya.

Na biyu ciwon hanta. Ƙwayar ciwon hanta ta B tana da yawa a ƙasarmu, kuma tana iya yin shekaru cikin jiki ba a sani ba. Giya ma na kashe hanta. In hanta ta ƙeƙashe, jinin da ke zuwa daga hanji ba ya samun wucewa ta cikinta. Sai ya koma baya, ya cika jijiyoyin da ke hanyar abinci, su kumbura. Ranar da ɗaya ta fashe, jini na zuba da yawa.

Yadda ake awon jini

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Cikin jinin akwai abin da ke sa shi ja, wanda ke ɗauke da iskar numfashi zuwa ko'ina cikin jiki. Likitoci na ce mishi emogulobin. Shi ake aunawa in an ɗebi jini a hannu. Namiji mai lafiya awonsa 13 ne ko sama, mace 12 ko sama.

A da, likitoci da yawa na ganin in awon ya sauka ƙasa da 9 ko 10, sai a rataya leda. Tunaninsu irin namu ne: abin da ya zube a maida shi. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gwajin da aka yi a Barsalona

A wani babban asibiti na birnin Barsalona, ƙasar Sipaniya, an yi gwaji da marasa lafiya 921, dukansu jini na zuba a cikinsu daga waɗannan wurare da muka ambata. Aka raba su gida biyu. Gida na farko ba a ƙara musu jini sai awonsu ya sauka ƙasa da 7. Gida na biyu ana ƙara musu da zarar ya sauka ƙasa da 9. An buga sakamakon a shekarar 2013.

Ga abin da aka gani. Bayan mako 6, cikin mutum 100 na gidan farko, 95 na raye. A gida na biyu, waɗanda aka fi ba jini, 91 ne ke raye. Jini ya sake ɓallewa ga mutum 10 cikin 100 a gidan farko, amma 16 cikin 100 a gida na biyu. Kuma rabin mutanen gidan farko ba a ƙara musu ko leda guda ba. Ke nan waɗanda aka yi wa tsimin jini su suka fi tsira.

Yaya aka yi haka? Masu noman rani sun san amsar. In hanyar ruwan lambu ta ɓalle, ka toshe ta da ɗanyar laka, ba ka sakin ruwa da ƙarfi nan take, don zai kwashe lakar. Haka jiki yake. In jijiya ta fashe, jini na daskarewa a bakin ciwon ya toshe shi. In aka cika jijiyoyi da sabon jini, ƙarfin turawa na ƙaruwa, toshiyar ta buɗe. Abin ya fi tsanani ga mai ciwon hanta, tunda jijiyoyinsa dama a kumbure suke.

Ban da wannan, jinin wani baƙo ne a jikinka. Wani na yin zazzaɓi da ƙaiƙayi. Wani ruwa ya taru mishi a huhu, numfashi ya gagara. In aka yi kuskuren rukunin jini, ana iya rasa rai. Ana bincika kowace leda don sida da ciwon hanta na B da na C da tunjere, to amma duk da haka ledar da ba a bukata gara ba a rataya ta ba.

Mai musu yana da tasa gaskiya

Wani zai ce: "Malam, Barsalona daban, ƙauyenmu daban." Haka ne. Can, cikin awa 6 ana zura wa marar lafiya wani siririn tiyo mai fitila ta baki, a ga inda jinin ke fita, a ƙona wurin ko a ɗaure jijiyar da ƴar roba. Mu nan, wannan na'ura sai manyan asibitoci. Namu marar lafiya kan iso bisa amalanke ko babur bayan doguwar tafiya, kuma sau da yawa dama jininsa kaɗan ne tun kafin ciwon.

Kuma gwajin bai haɗa da kowa ba. Wanda jini ke kwarara daga bakinsa ba tsayawa, jikinsa ya yi sanyi, hankalinsa na gushewa, ba a jiran awo kansa, don awon ba ya sauka nan take. Wannan a ba shi jini maza-maza. Mai ciwon zuciya shi ma ba a barin awonsa ya kai 7, tun wajen 8 ake ƙara mishi.

To, wa zai bambance wannan da wancan? Ba kawu ba ne, ba gwaggo ba ce. Likita ne, da ya auna bugun jini, ya duba idon marar lafiya, ya sake awo bayan ƴan awoyi. In ya ce a ƙara, a ƙara. In ya ce a dakata, ga ƙarin ruwa, ga allurar da ke rage tsamin ciki, to ba rowa ba ce, aikinsa yake yi. Muna da damar tambaya: "Likita, awonsa nawa ne yanzu? Me za a yi don jinin ya tsaya?" Wannan tambaya ta fi hayaniya amfani. Domin ƙarin jini ba ya toshe ciwo. Randa mai huji, ko ka kwana kana zuba mata ruwa, sai an liƙe hujin.

Aikin dangi

Namu aikin ga shi. Da an ga aman jini ko baƙin kashi mai danƙo, a kama hanya, ko dare ne. A kwantar da shi bisa gefensa don kada aman ya shaƙe shi. Kada a ba shi abinci ko jiƙo ko kanwa. Kada a ba shi ƙwayar ciwon jiki. A tattara duk magungunan da yake sha, har na tire, a nuna wa likita. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata masu ciki ita ma na sa kashi baƙi, shi ya sa ganin maganin ke taimakon likita.

Sa'an nan a tafi da majiya ƙarfi biyu ko uku waɗanda za su iya ba da jini. In marar lafiyarku ya bukata, ga shi kusa. In bai bukata ba, ku bayar duk da haka. Jini ba a ƙera shi, ba a noma shi, daga jikin mutum kaɗai yake fitowa. Leda guda ba ta kai rabin lita ba. Ruwan jinin na dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jansa kuma cikin ƴan makonni. Wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma lafiya lau yake, zai iya bayarwa.

Mu tuna da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yara, asibitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa su cika maƙil. Mu tuna da mace mai haihuwa da jini ya ɓalle mata. Ledar da muka matsa aka rataya wa wanda awonsa 9 ne, wataƙila ita ce wani yaro mai awo 4 ke jira a ɗaki na gaba. Akwai cibiyar ƙarin jini ta ƙasa a Yamai, da wuraren ba da jini a manyan asibitocin jihohi. Ranar 14 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, amma bukata kullum ce.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. A rage shan ƙwayoyin tire. Mai yawan ciwon ciki ya je a duba shi tun bai kai ga amai ba. A kai jarirai allurar rigakafi, don tun shekarar 2008 ta ciwon hanta na B na cikin allurar da ake yi wa yara a Nijar.

Ƴan uwa, mu yi sauri a hanya, mu miƙa hannu a ɗebi namu jini, mu bar wa likita awo. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya, amin.