Kalmar "Matrix": A Ara ko a Nemo ta a Gida?

Sanin kowa ne cewa ɗalibin da ke rubuta kundinsa da Hausa yakan yi tuntuɓe da kalmomin fannu. Ɗaya daga cikinsu ita ce "matrix", wadda waɗansu ke ganin a ara kawai a huta. Wannan gaggawa ce, domin kalmar tana da 'yar'uwa a gida.

Asalinta daga Latin ne, tushenta ɗaya da kalmar da ke nufin uwa. Da farko dabbar da ake ajiyewa don haihuwa take nufi, daga baya ta koma mahaifa. Ko da Sylvester ya shigar da ita lissafi a 1850, ya ɗauki jadawalin lambobi tamkar mahaifar da waɗansu lissafe-lissafe ke fitowa daga cikinta. Watau duk inda kalmar ta shiga, abin da ya ƙunshi wani abu ya kuma riƙe shi take nufi. Bahaushe kuwa ya daɗe yana cewa uwar kuɗi da uwar jiki.

Ƙasar Yauri ta isa misali. Mahaƙan zinariya na wajen Birnin Yauri sukan fasa farin dutse, su niƙa, su wanke kafin su ga ƙwaya. Wannan dutse shi masana ma'adinai ke kira "matrix". In an ce musu uwar zinariya, ba sai an yi dogon bayani ba.

Haka nan a nazarin harshe. A 1993 Myers-Scotton ta yi amfani da kalmar ga harshen da ke riƙe da ginin jimla idan mai magana ya gauraya harsuna biyu. Bagunge mai tsarma kalmomin Hausa cikin Gunganci, Gunganci ne uwar zancensa. Amma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai aka tashi Gungawa, cuɗanya da Hausawa ta ƙaru. A gidan da Hausa ta zama uwa, Gunganci ya koma ɗan tsarmi, harshen ya kama hanyar ɓacewa. Malamin da zai faɗakar da iyaye a Wara ko Shanga kan wannan, "uwar zance" za ta fi yi masa aiki a kan baƙuwar kalma.

Ba a ce aro laifi ba ne. Sai dai kafin a tafi maƙwabta, ya kamata sassan Hausa su fara leƙa rumbunsu.