Ruwan asid a Kebbi: barazanar ba daga sama take ba, tana cikin buhun taki

A watan Maris na 2010, wani saƙon waya ya karaɗe Najeriya yana gargaɗin cewa za a yi ruwan asid mai ƙona fata. Masana yanayi suka ƙaryata, ruwan kuma bai sauko ba. Amma tun daga lokacin, da zarar an ambaci asid sai mutane su ɗaga kai sama. Manomin albasa na Aliero da mai lambu a Jega da mai gero a Maiyama, ƙasa ya kamata su duba, domin a can ne tsamin da ke iya cinye musu amfani yake taruwa.

Ilimin abin ba baƙo ba ne a madafin Bahaushe. Tsamiya da lemun tsami da yakuwa dangin asid ne. Kanwa da toka da farar ƙasa kishiyoyinsu ne, shi ya sa uwargida ke jefa ɗan gutsuren kanwa a miya idan tsami ya yi yawa. Asid yana sakin ƙwayoyin haidirojin a cikin ruwa, dangin kanwa kuma suna kame su, sai ƙarfin kowanne ya mutu. A 1909 wani masani ɗan Denmak, Sørensen, ya fito da ma'aunin pH, wanda aka saba karantawa daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da ya gaza ta mai tsami ne, abin da ya haura ta dangin kanwa ne. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne: ƙasa mai lamba 5 ta fi mai lamba 6 tsami sau goma.

Ko ruwan sama mai tsabta yana da ɗan tsami, wajen 5.6, saboda iskar kabon da yake narkarwa a hanya. Ana kiransa ruwan asid ne idan hayaƙin farar wuta da na naitirojin, daga ƙona kwal da man fetur da gas, suka haɗu da danshin gajimare suka ƙara masa kaifi. Robert Angus Smith, wanda ya nazarci iskar birnin Manchester mai masana'antu, shi ya yaɗa sunan a 1872. Lamarin ya kashe kifaye a tafkunan Norway da Sweden, har aka ƙulla yarjejeniyar Geneva a 1979. A Najeriya, yankin Neja Delta ne ke kuka da shi, inda ake ƙona gas a fili, mazauna kuma ke danganta saurin tsatsar kwanon rufinsu da hakan.

Kebbi ba ta da irin waɗannan masana'antu, kuma tana da garkuwar da ba a cika yaba mata ba: ƙurar hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, tana ɗauke da sinadarai dangin farar ƙasa. Awon ruwan sama da aka shafe shekaru ana yi a Banizumbu, gabas da Yamai, ya nuna cewa wannan ƙura tana kashe kaso mai yawa na tsamin ruwa kafin ya taɓa ƙasa.

A gona kuwa labarin daban ne. Idan aka zuba yuriya, ƙananan halittun cikin ƙasa suna sarrafa ta zuwa abin da tsiro ke sha, kuma a cikin wannan aiki suna sakin haidirojin. Ƙididdigar da masana noma suka saba amfani da ita ta nuna cewa buhun yuriya mai kilo 50 na barin tsamin da sai an sa farar ƙasa wajen kilo 40 kafin a kashe shi. Ƙasar jigawa mai yashi da ƙarancin ruɓaɓɓen ganye ba ta da ƙarfin jure wannan. Gwajin da aka soma a Samaru ta Zariya tun 1950 ya nuna cewa dogaro da takin zamani shi kaɗai shekara da shekaru yana tsamama ƙasa, haɗa shi da takin gida kuma yana rage ɓarnar.

Albasa ta fi son ƙasa mai lamba tsakanin 6 da 7. Idan lambar ta faɗo ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam yana narkewa ya hana saiwa miƙewa, fosforos ɗin da manomi ya saya da tsada kuma ya ɗaure a ƙasa, tsiro bai samu ba. Manomi ya ga yabanya ta ƙi, sai ya ƙara taki, ƙarin kuma ya ƙara tsami. Garin neman ƙiba a samo rama.

Wannan bai nufin kowace gona a yankin ta yi tsami. Fadamar shinkafa da ruwa ke kwanciya a kanta takan koma kusa da tsakiya, wasu gonakin rani kuma matsalarsu gishiri ne da kanwa, waɗanda farar ƙasa za ta ƙara lalatawa. Awo ne kaɗai ke raba gardama, kuma a nan ne siyasar taki ta yi gurguwar tafiya.

A Kebbi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Nuwamban 2015. A ƙarshen 2016 aka fito da shirin taki na fadar shugaban ƙasa tare da kamfanin OCP na Maroko, aka tsaida buhu a kan naira 5,500. A Maris na 2022 aka buɗe masana'antar yuriya ta Ɗangote a Legas. Duk damina gwamnatoci suna sanar da adadin tirelolin da suka raba, domin tirela tana shiga hoto, tana kuma jawo ƙuri'a. Takardar sakamakon awon ƙasa ba ta tara jama'a a filin taro.

Alhali kayan aikin suna kusa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a 2006, a Aliero take, tsakiyar gonakin albasa. Dutsen farar ƙasa yana Kalambaina ta Sakkwato, inda ake yin siminti da shi. Takin dabbobi da tokar murhu suna kowane gida. Abin da ya rage shi ne a haɗa su: ɗalibai da malaman gona su auna ƙasa mazaɓa-mazaɓa, daga Jega Firchin har ƙauyukan Maiyama, a bayyana sakamakon da Hausa, a raba taki bisa abin da awon ya nuna.

Zaɓen 2027 zai zo da alƙawuran taki kamar kullum. Matashin da ɗan takara ya gaya wa yawan buhunan da zai kawo yana da damar tambayarsa: wa ya auna gonar da za a zuba su?