Saƙon "kashe wayarki yau da daddare" da ƙarfen da yaro ke tsintowa

Uwargida, na san ya taɓa shigo miki a rukunin WhatsApp na dangi ko na Islamiyya: wai yau daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 na dare wani haske mai haɗari zai gifta kusa da duniya, ki kashe waya, ki nisanta ta da yara, NASA ce ta faɗa. Saƙon nan ya fi shekara goma yana yawo, kuma kullum "yau" ne.

Hasken dai akwai shi. Masana na kiransa gamma, ɗan'uwan hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ne, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan wani ƙaton tauraro ya mutu ya rufta, yakan yi tartsatsin gamma na 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna. A 1967 aka fara ganin irinsa, shi ma bisa katari: taurarin ɗan'adam na Amurka masu suna Vela, da aka harba don gadin gwajin makaman nukiliya, su suka ci karo da shi. Yanzu akwai na'urorin da aikinsu ke nan, Swift tun 2004, Fermi tun 2008. Da sun ji alamar tartsatsi sai su aiko da labari ƙasa cikin daƙiƙoƙi, masana su juya na'urorin hangen nesa can su tantance, don wani lokacin rana ce kawai ta yi tata fitinar.

Ki lura da abu biyu. Babu mai sanin ranar zuwansa, balle ƙarfe nawa. Sai ya iso ake sani. Sannan dalilin kai na'urorin sama shi ne iskar da Allah Ya lulluɓe duniya da ita tana shanye hasken kafin ya sauko. Mafi ƙarfi da aka taɓa gani ya iso ranar 9 ga Oktoba, 2022, bayan tafiyar kusan shekara biliyan 2. Har na'urorin sai da ya dallare wa ido. Ranar Lahadi ce, kin yi girkinki da waya a gefe.

Ni gamman da ke hana ni sakewa a ƙasa yake. Masana'antu da asibitoci a duniya na amfani da ƙananan curin ƙarfe masu fitar da shi, don duba walda, auna kaurin kaya ko gasa cutar daji. A rufe cikin kwansonsu ba sa cutarwa. Matsalar sai wuri ya durƙushe an bar kaya ba mai kula. A 1987, a garin Goyaniya na Brazil, wasu mutum biyu sun ciro irin wannan daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai gwangwan. Garin da ke ciki yana ƙyalli shuɗi a duhu, aka yi ta rabawa dangi. Mutum 4 suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6.

To ki tuna kamfanonin da suka rufe a Sharaɗa, Challawa da Bompai, da yaranmu 'yan jari bola masu zagaye da buhu. Shi ya sa nake so ki zaunar da yaronki yau ki zana masa alamar: kamar fanka mai fiffike uku, baƙa ko shunayya, a kan rawaya. Duk ƙarfen da ke ɗauke da ita, ko ɗan ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, kada ya ɗauka, kada ya fasa, kada ya sa a aljihu. Gamma ba ya wari, ba ya zafi a hannu nan take. Amai da ƙunar fata sai daga baya. Ya matsa nesa, ya gaya wa babba, a sanar da 'yan sanda su kira NNRA, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan kaya a Najeriya.