Gaba da Gabanta: Ashe Ƙwayar Cuta ma Tana Kamuwa

'Yan'uwana ɗalibai, a zangon da ya wuce malaminmu na fassara ya ba mu wani guntun rubutu kan lafiya mu mayar da shi Hausa. Ni da na koyi Hausa a aji, ba a gida ba, sai na rubuta: "ƙwayar cuta ta kama ƙwayar cuta." Aji ya kwashe da dariya. Alhali kuwa abin da rubutun ya faɗa ke nan.

Akwai wata halitta mai ƙwayar rai ɗaya tak, Tirikomonas, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, tana jawo ƙaiƙayi da fitar ruwa, irin abin da ake kira ciwon sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamuwa miliyan 156 a shekarar 2020. A tsakiyar shekarun 1980 masu bincike a Amurka suka gano cewa da yawa daga cikinsu na ɗauke da bairus a cikinsu. Bairus ɗin ba ya kashe mai masaukinsa. In ta rabu biyu don hayayyafa, sai ya bi 'ya'yan, har yakan sauya sinadaran da ke fatarta, waɗanda garkuwar jikinmu ke gane ta da su.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne binciken da aka yi a Boston a 2012. A ɗakin gwaji, da maganin da muka sani da Flagyl ya kashe Tirikomonas, sai bairus ɗin ya fito fili. Shi ba ya iya kama mutum, amma jiki na ganin sa sai kumburi ya ƙaru. Makamancin haka aka gani a 2011 game da Lishmaniya ta Kudancin Amurka: a jikin ɓeraye, mai ɗauke da bairus ta fi tsananta ciwo.

To, yaya mai fassara zai bayyana wannan da kalma ɗaya? Wasu za su ce talaka ba ruwansa da wannan bambanci. Ban yarda ba. Wanda aka gaya wa duk "ƙwayar cuta" ce, shi ne zai je kemis ya sayi kafso saboda mura, alhali kafson bakteriya ba ya taɓa bairus. Kuma mu ne gobe za mu zauna a gidajen rediyo muna fassara masa.

Bairus da bakteriya sun fara zama a bakin jama'a, a bar su. Ita ta ukun ce ba ta da suna tsayayye. Ni dai na ba da shawarar "ƙwayar ci-ma-zaune", tunda a jikin wani take ci. Malam ya ce zai duba. Duk wanda ke da wadda ta fi ta, don Allah ya aiko wa edita kafin fitowa ta gaba.