Hutun Iyali da Aljihun Ɗan Kasuwa

Duk shekara, da zarar an ba 'yan makaranta dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, ko kuma Sallah ta ƙarato, tambaya guda ce ke tasowa a gidajen 'yan kasuwa, musamman waɗanda neman abinci ya zaunar da su a Legas, Ibadan, Fatakwal da Abuja. Tambayar ita ce ko bana za a iya kwasar iyali a yi tafiya, ko kuwa sai baɗi. Wasu kan soke tafiyar ɗungurungum, wasu kuwa su rufe ido su ɗebi kuɗi daga jarin da suke juyawa, su dawo su tarar shago ya rame, bashi kuma ya hau kansu. Dukan hanyoyin biyu kuskure ne. Hutun iyali abu ne da ɗan kasuwa zai iya yi, kuma ya kamata ya yi, muddin ya ɗauke shi tamkar kuɗin hayar shago, wato abin da aka san da zuwansa aka kuma yi masa tanadi tun farkon shekara.

Babu mai musun cewa tafiya ta yi tsada. Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da a da ake sayarwa ƙasa da N200 a farashin gwamnati ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce N1,000 a sassa da yawa na ƙasar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar. Lissafin a bayyane yake. Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne. Motar da ke cin lita ɗaya a kowace kilomita 10 za ta sha lita 200 zuwa da dawowa. Abin da a farkon 2023 bai kai N40,000 ba, a ƙarshen 2024 ya zama N200,000, kusan albashin wata uku ke nan na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Wannan kuɗin mai ne kaɗai, ba a zo maganar abinci da masauki ba.

Masu soke tafiya suna da hujjarsu. Sukan ce yawon hutu al'adar ma'aikatan ofis ce, kuma wanda ya rufe shago kwana biyar ya miƙa wa maƙwabcinsa abokan cinikinsa da hannu biyu. Gaskiya ne dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadar wa ma'aikaci hutun aƙalla kwana shida na aiki, tare da albashi, bayan ya yi wata goma sha biyu yana aiki, alhali kuwa ɗan kasuwa ba shi da mai ba shi hutu sai kansa. To amma wannan ne ma dalilin da ya sa ya kamata ya yanka wa kansa. Mutumin da ke fita Mile 12 ko kasuwar Bodija kafin gari ya waye, ya dawo bayan lisha, kwana shida ko bakwai a mako, 'ya'yansa kan girma ba su san shi ba sai a matsayin mai ba da kuɗin cefane. Kwana huɗu da zai yi tare da su, babu ciniki babu lissafi, ba asara ba ce.

Bugu da ƙari, akwai ribar da ta shafi kasuwancin kansa. Shagon da ba zai iya yin kwana huɗu ba tare da mai shi ba, yana da ciwon da ya kamata a gano tun da wuri. Tafiyar hutu jarrabawa ce mai araha ga yaron shago da kuma littafin ciniki. Idan maigida ya ƙirga kaya kafin ya tashi, ya rubuta masu bin sa da waɗanda yake bi, ya dawo ya sake ƙirgawa, zai san wanda ya cancanci amana. Gara a san wannan a lokacin da aka zaɓa da kai, da a sani ranar da rashin lafiya ta kwantar da mutum.

Sharaɗi na farko shi ne kuɗin hutu su fito daga riba, a kuma tara su sannu a hankali. Jari ba abin taɓawa ba ne, haka nan kuɗin kayan da aka karɓo bashi daga dila, balle rancen da ake biya da ruwa. Hanyar tarawa ba baƙuwa ba ce ga 'yan kasuwa, domin asusu da adashi sun girmi bankuna a ƙasar nan. Alal misali, wanda ya ware N1,000 kullum, kwana shida a mako, cikin mako 50 zai tara N300,000. Wanda ya iya N2,000 zai sami N600,000. Abin da aka samu a asusun shi ne zai faɗi inda za a je da kwanakin da za a yi. Yawancin masu faɗawa rami sukan fara yanke shawarar wurin zuwa ne, sannan su shiga neman kuɗin, alhali kuwa Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

Sharaɗi na biyu shi ne zaɓen lokaci. Sanin kowa ne kuɗin mota kan tashi a jajibirin Sallah da kuma ƙarshen shekara, saboda kowa na son tafiya a mako guda, ta fuska guda. Tsadar ta kai har a watan Disamba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin rabin kuɗin manyan motocin safa a wasu hanyoyi, ta kuma sa aka yi jigilar fasinjojin jirgin ƙasa kyauta na tsawon makonni biyu. Ɗan kasuwa bai kamata ya dogara ga irin wannan rangwame ba. Makonnin Sallah su ne kakar cinikinsa, saboda haka wanda ya tafi a lokacin ya yi asara biyu, ya biya kuɗin mota mai tsada, ya kuma bar kasuwa tana ci. Tsakiyar dogon hutun 'yan makaranta, a watan Agusta, ko mako biyu bayan Sallah lokacin da ciniki ya lafa, sun fi dacewa da aljihunsa.

Na uku shi ne wurin zuwa, kuma a nan kusa ta fi nesa. Mazaunin Legas zai iya kai iyalinsa gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, ko garin Badagry, ko ya hau jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, ya sauka a Abeokuta yara su hau dutsen Olumo. Mazaunin Ibadan yana da gidan namun daji na jami'ar garin da lambun Agodi. Na Abuja yana da dutsen Zuma da magangarar ruwa ta Gurara a Jihar Neja, waɗanda ake zuwa a dawo a yini ɗaya. Wanda kuma ya riga ya kai iyali gida Kano, ƙaramin kuɗi zai kashe ya nuna wa yaran da aka haifa a kudu Gidan Makama, dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata, ko ya ƙarasa da su Daura su ga rijiyar Kusugu. Mai ɗan hali zai iya nufar Yankari a Jihar Bauci, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, inda ruwan ɗumi na Wikki yake, sai dai ya tuna cewa da rani aka fi ganin namun daji, lokacin da suke taruwa a bakin kogin Gaji.

Sai dai duk wannan lissafi yakan rushe a wuri guda, wato wajen tsaraba da gudun abin da za a faɗa. Mutum ya tashi daga kudu da kasafi tsaf, ya isa gida ya tarar da dangi sun ɗauka duk wanda ya fito daga Legas da buhun kuɗi ya zo, sai kunya ta sa ya yi ta rabo har da kuɗin komawa. Sau da yawa wannan ne ke cinye jari, fiye da kuɗin mota. Maganinsa shi ne a rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba tun kafin a tashi, iyaye da marasa ƙarfi a kan gaba, a sayo kayan a farashin sari, a kuma tsaya inda aka tsaya. Zumunci a ƙafa yake, kuma ɗan'uwan da zai yi fushi saboda ƙarancin tsaraba ba zai taya biyan bashi ba idan an karye.

Masauki da abinci ma suna da nasu dabarun. Guzurin da uwargida ta haɗa a gida, irin su dambun nama, soyayyen nama, cincin da ruwan sha, yakan rage kashe-kashen tasha ƙwarai. Sauka a gidan 'yan'uwa yana rage kuɗin otal, amma a wannan zamani bai dace a sauke wa mutum baki shida hannu rabbana ba. A tafi da ɗan abin dafawa, kada kuma a daɗe, domin baƙo raɓa ne.

Abu ɗaya ne tsimi bai kamata ya taɓa ba, shi ne lafiyar iyali. Tafiyar dare, motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima, da hawa kan tirelar kaya ko ta dabbobi saboda araha, duk abubuwa ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Haka nan wajibi ne a bincika halin tsaron hanya kafin a tashi, a kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kasafin domin lalacewar mota ko rashin lafiyar yaro. Idan kuɗin da aka tara ba su isa tafiya da rana a mota mai lafiya ba, to a rage nisan tafiyar.

Ɗan kasuwar da asusunsa bai cika ba bana, ya kai yara wurin da ke kusa su yini su dawo. Washegari kuma ya buɗe sabon shafi a littafin cinikinsa, ya rubuta hutun baɗi a samansa, ya zuba Naira dubun farko.