Bindiga Ta Fi Maganar Ɗan Siyasa Daɗewa

'Yan'uwa, ran nan bayan sujada a Kabalaye na zauna da waɗansu samari, sai gardama ta tashi a kan bindiga. Ɗayansu ya ce lokaci ya yi da za a bar kowane magidanci ya ajiye tasa a ɗaki, gama hukuma ba ta tsaron talaka. Ya tuna mana da mutanen da aka kashe a ƙauyen Sandana cikin Fabrairu 2022, ya kuma ce ai a Nijeriya ma gwamna da kansa ya ce wa jama'a su nemi makamai. Ban raina tsoronsa ba. Wanda ya binne ɗan'uwansa ba a yi masa dogon wa'azi. Amma shaidar da ya kawo, ita ce na ƙi.

Gwamnan da yake nufi shi ne Bello Matawalle na Zamfara. A 2020 ya yi shela cewa duk ɗan bindigar da ya miƙa AK-47 ɗaya za a ba shi shanu biyu. A Yuni 2022 kuwa gwamnatinsa ta ce mutanen jihar su nemi izinin riƙe bindiga su kare kansu. Baki ɗaya, magana biyu, cikin shekara biyu! Babban hafsan tsaron ƙasar ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 Matawalle ya faɗi zaɓe, aka ba shi kujerar ƙaramin ministan tsaro a Abuja. To, manomin da ya sayar da geronsa ya sayi bindiga bisa maganar gwamna, in soja sun tare shi da ita a hanya, wa zai tsaya masa?

Mu mutanen Ndjamena kuwa, abin kunya ne a koya mana wannan daga waje. A 1979 Hisen Habre da Gukuni Waddai suna cikin gwamnati ɗaya. Daga Maris zuwa Disamba 1980 suka ragargaza birnin nan a tsakaninsu, babbar majami'ar Katolika ta ƙone, iyayenmu suka haye kogi a kwalekwale zuwa Kuseri da 'ya'ya a goye. Idris Debi babban hafsan Habre ne, shi ya kore shi a Disamba 1990. Ya yi mana alkawarin 'yanci, a 2005 kuma aka cire iyakar wa'adi daga tsarin mulki. Ɗansa ya ce wata 18 zai yi. Samarin da suka fito ran 20 ga Oktoba 2022 domin su tuna masa, harsashi ya tarye su. Duk wanda ya hau kujera da bindiga, bindigar wani ce take hana shi barci. Shi ya sa a 2019 aka kafa dokar ta-ɓaci a Waddai da Sila, soja suka bi gida gida suna karɓar makamai.

Abin da ya kamata mu matsa wa masu mulki a kansa shi ne doka ɗaya ga kowa. In za a karɓi bindiga, a karɓi ta manomi, a karɓi ta makiyayi, a kuma karɓi ta masu kiwon garken babban mutumin nan da yake zaune a birni da taurari a kafaɗa. Nan ne hannun hukuma yake yin sanyi, kowa ya sani.

Saurayin ya ce mini shi dai tasa ta tsaron gida ce kawai. Na tambaye shi gidaje nawa ne a unguwarmu da iyali ɗaya kaɗai yake ciki. Nasa gidan haya ne mai ɗaki bakwai da famfo ɗaya, kuma a bakin famfon nan ba a mako ba a yi cacar baki ba. Yaransa uku suna kwana a kan katifar da yake so ya ɓoye ta a ƙarƙashi.