Sabon Irin Wake: A Ji Ta Bakin Manoma Da Fatake

A shekarar 2019 ne Gwamnatin Tarayya ta ba da iznin sakar wa manoma wani sabon irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka fitar. An dasa wa waken nan ƙwayar halitta ta wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, domin ya riƙa kashe tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake. Masanan sun ce manomin da ke feshin magani sau 6 zuwa 8 zai koma yin sau 2 kacal.

Babu shakka an yi aiki. Abin tambaya shi ne, da wa aka yi shawara? Hukumar da aka kafa a 1915 ba ce, ta 2015 ce, watau NBMA mai ba da iznin irin wannan iri, kuma takan buga sanarwa a jaridu ta ba jama'a kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. To, amma sanarwar da takardun da Turanci suke, Turancin ma na masana. Manomin da zai shuka waken bai gani ba, balle falken da zai saye shi a Dawanau.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai. Su ne ke sauke buhunan wake a kasuwar Mile 12 ta Ikko da Bodija ta Badun. Ran da jita-jita ta tashi cewa waken Arewa an taɓa shi, mai awo a bakin rumfa ne zai amsa tambayar mai ƙosai da mai alale, kuma jarinsa ne zai kwanta. Alhali shi kansa bai san wane iri ke cikin buhunsa ba.

Saboda haka ya kamata a riƙa karanta sanarwar hukumar a rediyo da Hausa da Yarabanci da Ibo. A ba ƙungiyoyin manoma da na 'yan hatsi kujera a zaman da ake duba takardun neman izni. A kuma rubuta sunan iri a jikin buhu tun daga gona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ma shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na Agege da Sabo kada su jira sai an gayyace su, su tashi su nemi wannan kujera.